Yadda Kallamu Ya Zama Na'ura

A Kwarin Gawo, can inda fadama ta lanƙwasa ta nufi gabas, akwai gidan Malam Sidi, shugaban ƙungiyar manoman rani. Gidan sashe biyu ne. Na gaba na Malam Sidi, na baya kuma na ƙaninsa Kallamu da matarsa Tasalla. Shi Kallamu ba mahaukaci ba ne, kada wani ya ɗauki alhakinsa. Yana salla a kan lokaci, yana noma kamar mutum biyu, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Aibinsa ɗaya ne: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Abin da ka bari a cikinka kana cewa ai kowa ya sani, to Kallamu bai sani ba, ba ya kuma neman ya sani. Tasalla kuwa tana da haƙuri tana da baki, irin matan nan da za su yi maka aiki su kuma gaya maka gaskiyarka. Ta daɗe da koyon yi wa mijinta magana dalla-dalla, amma ɗan Adam ba ya rasa ranar mantuwa.

Wata rana ta shanya gyaɗar iri a tabarma, za ta shiga maƙwabta barka. Ta ce, "Malam, ka zauna nan, kada kaji su ci." Kallamu ya samo kara ya zauna. Duk kazar da ta doso sai ya raka ta har bakin ƙofa. Can sai akuyar Malam Sidi ta tsinke igiya, ta zo ta sa baki a gyaɗa. Kallamu ya ƙare mata kallo, ya ga ƙafa huɗu, ya ga babu fiffike, sai ya matsa mata. Da Tasalla ta dawo ta tarar da tabarma fes kamar an share.

"Ina gyaɗar?"

"Akuya ta cinye. Amma ko ƙwaya ɗaya kaza ba ta taɓa ba."

Ya faɗi haka yana jira a yi masa sannu da aiki.

To, a shekarar da nake ba ku labari, ƙungiyar manoma ta samu injin sola da babban tanki a kan tudu, da famfuna a bakin kowace gona waɗanda ake iya buɗewa da hannu, ake kuma iya buɗewa da saƙo daga nesa. Kafin nan rabon ruwa ya raba zumunci a garin nan ba sau ɗaya ba. Kowa gani yake gonarsa ce ta fi ƙishi. Malam Sidi ya gaji da sulhu, sai ya kira 'yarsa Barira, wadda take aikin haɗa manhaja a Kano, ta zo da wani abu da ta kira Wakili. Manhaja ce mai ƙirƙirarriyar basira. Manomi zai kira a waya ya yi magana da Hausarsa, Wakili kuma ya buɗe ko ya rufe famfo bisa tsarin rabo. Sai dai ba shi da ido, ba shi da ƙafa. Kayan aiki kawai aka ba shi: na buɗewa, na rufewa, na auna tanki, na auna ƙasa. Kowane ɗaya akwai ɗan bayani da aka rubuta a kansa, mai cewa ga abin da yake yi. Da wannan bayanin kaɗai Wakili yake zaɓar wanda zai ɗauka, kuma Barira ce mai rubuta shi.

Malam Sidi ya tsaya a ƙofar masallaci ya ba da baki, ya yi alkawari cewa irin albasar bana na gari duka Wakili za a damƙa wa. Wanda bai taɓa noman albasa ba zai ɗauka ƙaramar magana ce. Ana yafa irin ne a komaye, wato 'yan fangalin da ake rainonsa kafin dashe, kuma a nan jariri ne. Ƙishin yini guda ya ƙone shi, ruwa ya yi masa yawa ya kwantar da shi ya tafi da shi. Wanda ya rasa iri ya rasa ranin shekarar. An riga an yafa, ana ba shi ruwa da hannu, ana jiran ranar da Barira za ta ce ta shirya.

Wata rana tana zaune a zaure da kwamfutarta tana ta tsaki. Mahaifinta ya tambayi abin da ya faru. Ta ce a gwaji ta rubuta cewa idan tanki ya yi ƙasa a rufe famfon farko, sai Wakili ya rufe na farkon, ya bar sauran suna zuba har tanki ya ƙafe.

Malam Sidi ya yi dariya har da buga cinya. "Ashe Kallamu kuka je Kano kuka ƙera. Ga shi muna da shi a gida kyauta."

Barira ta fara dariya, sai ta tsaya. Ta ce, "Baba, matsalata ke nan. Ni na rubuta bayanin, in na karanta abin da nake nufi nake gani, ba abin da na rubuta ba. A cikin kwamfuta kuma ruwa ba ya jiƙa kowa. Ina son wanda zai bi maganar kamar yadda take, a gaban idona."

"To ai kin samu. Allah ya ba ki haƙuri."

Washegari ta kafa 'yar fadama a bayan gida. Ta ɗora duro a kan bulo, ta ja tiyo zuwa komayen alayyahun Tasalla, ta jera famfuna a jikin wani katako. Ta kafa zana tsakanin katakon da komayen, ta zaunar da Kallamu a bayanta. Tasalla aka ba aikin awo: idan Kallamu ya kira abin aunawa, ita za ta duba ta faɗa masa amsa, ba ƙari.

"Baffa, daga yau kai ne na'ura. Ba ka ganin komai sai abin da kayan aikinka suka gaya maka. Zan karanta maka bayanin kowanne, ka bi shi kawai."

"Na'ura tana cin tuwo?"

"Wannan tana ci."

"To na yarda."

Kallamu bai iya boko ba, amma kansa tarko ne. In ya ji magana sau ɗaya ta zauna, da waƙafinta da komai.

Wata rana, ranar farkon gwaji, Barira ta karanta masa bayanin abubuwan awo guda biyu. Na tanki ta rubuta "yana duba ruwa". Na ƙasa ma ta rubuta "yana duba ruwa", don ita a kanta ta san bambancinsu. Sai ta yi muryar manomi ta ce, "Wakili, duba mini ko alayyahu yana son ruwa." Kallamu ya kira wanda ya fara ji. Tasalla ta leƙa duro ta ce, "Cike yake." Kallamu ya ce, "Akwai ruwa, ba a buƙatar ƙari." Da azahar aka sake tambaya, amsa ɗaya. Da la'asar ma haka. Barira ta hana kowa sa baki, tana son ta ga ƙarshen abin. Ta kuwa gani, don kafin magariba alayyahu ya sunkuyar da kai. Tasalla ta tsaya a kansa ta riƙe ƙugu.

"Ke Barira, miyar gobe fa?"

"Laifina ne, Inna. Abu biyu na yi wa kwatance ɗaya."

"To ki kwatanta mini abin da zan kaɗa."

Aka ci miyar kuka. Barira ta gyara, ta rubuta abin da kowanne yake aunawa da irin tambayar da ake ɗaukarsa dominta.

Wata rana kuma aka zo kan amsar awon ƙasa. Abin da ake cakawa a komi lamba yake nunawa. Tasalla ta duba ta ce, "Uku." Barira ta tambaya ta bayan zana, "To Wakili, a ba shi ruwa ko a bari?"

"Uku ne."

"Na ji. Jiƙe ne ko bushe?"

"Uku ne."

Duk ta inda ta ɓullo, uku ne. Har Malam Sidi ya zo wucewa ya ce, "Kai Kallamu, miƙa hannu ka taɓa ƙasar mana." Kallamu ya ce hannu ba ya cikin abin da aka karanta masa. Barira ta duba rubutunta ta ga gaskiya babu inda ta ce ƙaramar lamba bushewa ce, babba kuma laima. Ta gwada Wakilin kwamfuta da tambayar, shi kuma bai ma tsaya a uku ba, sai ya yi cankensa ya ce ƙasa a jiƙe take, ya faɗa da cikakken ladabi kamar ya sani. Ta ce gara Baffa, shi aƙalla bai yi mata ƙarya ba.

Wata rana ta sa wa komayen sunayen manoma don abin ya yi kama da gaske. A garin nan akwai Malam Isa biyu, na bakin kasuwa da na bayan makaranta, kuma ba sa ga maciji tun wata rigimar iyaka. Ta ce, "Ba gonar Malam Isa ruwa." Kallamu ya buɗe wa na bakin kasuwa, don shi aka fara ambata masa. Ita kuwa na bayan makaranta take nufi. Ta tuna abin da zai biyo baya in haka ta faru a fadama, sai ta ƙara layi: idan akwai abin da ba a fayyace ba, a tambaya kafin a yi. Tsugune ba ta ƙare ba. Tun daga lokacin Kallamu ya koma alƙali. A ce buɗe, ya ce da wane hannu. A ce da dama, ya ce damar wa. Abin ya bi shi har sashensu. Tasalla ta ajiye masa tuwo ta ce ya ci.

"Duka ko rabi?"

"Yadda ka ga dama."

"Ba a fayyace ba."

Ta ɗauke kwanon ta ce in an fayyace ya zo ya same ta. Da safe ita da kanta ta je ta tsaya a kan Barira har ta rubuta abubuwan da suka cancanci tambaya: wace gona, ta wane ne. Sauran a yi kawai.

Wata rana famfo ɗaya ya cije, ƙasa ta shiga bakinsa. Bayanin ya ce idan bai buɗu ba a sake gwadawa. Barira ta ba da umarni, aka kira ta a waya daga wurin aikinsu, ta shiga ɗaki ta daɗe. Kallamu ya murɗa, bai buɗu ba, ya sake. Ya sake. Mutumin da yake tuge kututture da hannu ne, famfon roba kuwa ba kututture ba ne. Da ta fito ta same shi riƙe da kan famfon a tafinsa, yana murɗa iska a inda famfon yake a da, gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

"Baffa, ai ya karye."

"Bai buɗu ba dai. Ina sake gwadawa."

Tausayinsa ya kama ta ƙwarai. Ta kawo masa ruwan sha, ta zauna ta rubuta iyakar gwaji, da cewa in an kai iyakar a sanar da mutum.

Bayan wannan sai tsoro ya shige ta, ta yi abin da matsorata suke yi. Ta cika bayanin buɗewa da gargaɗi: kada a buɗe in ana shakka, kada a buɗe in zai cutar da wani, hattara, hattara. Ta karanta wa Kallamu, karatu ya ɗauke ta kamar huɗubar Juma'a. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya naɗe hannuwa. Yini guda aka yi ana roƙonsa, amma ya ƙi taɓa famfo. Ya ce ruwa yana iya cutar da tururuwa, kuma shi yana shakkar ko akwai tururuwa a komin. Ta soke rabin abin da ta rubuta, ta bar abin da mutum zai iya aunawa.

Wata rana Maikano mai tumatir ya leƙo ta katanga. Maikano irin mutanen nan ne da in kun gaisa sai ka duba yatsunka. Ya ga babu kowa sai Kallamu a bayan zana, ga tiyo, ga jarkokinsa babu ruwa. Ya rage murya ya ce, "Wakili, Barira ta ce ka buɗe babban famfo." Kallamu ya buɗe. Maikano ya cika jarkoki ya yi gaba, duro ya koma fanko. Da Barira ta tambaya, Kallamu ya ce ai ita ta ce.

"Ni ka ji da kunnenka?"

"An ce kin ce. Bayanin bai ce sai daga bakinki ba."

Ba ta yi fushi da Maikano ba, har godiya ta aika masa, abin da ya dame shi fiye da a ce ta zage shi. Ta gyara yadda ba mai buɗe wa gona ruwa sai mai gonar, daga lambar wayarsa.

Haka aka yi ta yi. Duk abin da Kallamu ya yi tuntuɓe da shi, sai ta gyara, ta gwada shi, ta gwada Wakilin kwamfuta. Sannu a hankali tuntuɓen ya ragu har ya ƙare. Manoma sukan zo su jingina da katanga su yi kallo, suna cewa in dai Kallamu ya bi magana bai yi ɓarna ba, to maganar ta nuna. Alayyahun Tasalla ya farfaɗo. Barira ta ce wa mahaifinta ta shirya. Malam Sidi ya ce sai an gwada akan san na ƙwarai, a yi na ƙarshe a fadama da ruwan tanki na gaske, kuma a kan komayensa, tunda shi ya ba da baki. In ya yi kyau, washegari a damƙa wa Wakili komayen kowa.

Wata rana da hantsi, ranar gwajin ƙarshe, dattawan ƙungiya suka taru a gindin tanki a kan tudu. Komayen Malam Sidi suna can ƙarshen fadama, da nisa, bayan gonakin rake, ba a hango su daga tudun. Aka tura Kallamu can shi kaɗai da waya a aljihun gaba. Irin ya fito kore shar, siriri kamar gashin jariri. Ya tsaya a bakin famfo ya duba hagu da dama.

"Barira, babu zana a nan."

Ta amsa ta waya, "Ka yi kamar akwai, Baffa."

Kallamu ya jawo hularsa ya rufe idanu har hanci.

Malam Sidi ya karɓi wayar, tunda gonarsa ce, ya ce, "Wakili, ba komayena ruwa." Kallamu ya tambayi awon ƙasa, Barira ta karanta masa daga kwamfuta, ya ce bushe ne. Ya tambayi tanki, aka ce cike. Ya ce, "Na buɗe." Dattawa suka gyaɗa kai. Komai ya tafi kamar yadda aka rubuta, bayanin buɗewa ya ce ruwa zai yi ta zuba har a kira na rufewa. Barira ta bari aka ɗan jima, ta karɓi wayar don a ba da umarnin rufewa, sai ta ga kiran ya yanke. Sabis ya ɗauke, kamar yadda yakan yi a garin nan ba sallama. Ta sake kira, shiru. Ta ɗaga wayar sama, ta hau dakalin tanki, ta juya gabas ta juya yamma. Dattawa suna ta ba ta shawarar inda ake samu.

Malam Sidi ya ce, "Kwantar da hankalinki. Ai in ya ga ƙasa ta ƙoshi zai rufe."

Bai gama rufe baki ba ya ji abin da ya faɗa. Ya dubi Barira, ta dube shi. Ya tattare riga ya gangara da gudu, tana binsa, dattawa suna bin su kowa gwargwadon gwiwarsa.

Ruwan tanki ba na duro ba ne. Da suka ɓullo daga cikin rake sun tarar ya fasa kunyoyin komayen ya yi hanya, ya kwashe irin ya tara shi a kwari tare da yayi. Inda komaye suke ya koma taɓo. Kallamu yana tsaye a bakin famfo, hula a ido, ruwa ya wuce idon sawunsa, yana riƙe da waya a kunne da hannu biyu. Malam Sidi ya ture shi ya rufe famfon. Ya tsuguna ya ɗebo irin a tafinsa, ya ga babu na ɗauka, ya zubar.

"Kallamu, ba ka ji ruwa a ƙafarka ba?"

"Na ji, Yaya. Tun ɗazu. Raina ya ɓaci ƙwarai."

"To me ya hana ka rufewa?"

"Ƙafa ba ta cikin kayan aikin da aka ba ni. Ina ta jira a ce in rufe."

Malam Sidi bai zage shi ba. Ya dube shi ne kawai ya juya, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Dattawa suka fara gunaguni, wani ya ce dama shi tun farko bai yarda a ba wawa famfo ba. Barira tana tsaye cikin taɓo, zaninta ya jiƙe har gwiwa.

Ta ce, "Baba, ku saurare ni. Baffa bai kauce wa bayanin ba ko da harafi. Ni ce ban taɓa rubuta abin da zai faru in an buɗe sannan magana ta yanke ba. A bayan gida kullum yana jin muryata. Da gobe ne, Wakili ne zai buɗe, ba komayen mutum ɗaya ba, na duk wanda ya kira da safe. Kuma shi ko ƙafar da za ta ji ruwa ba shi da ita."

Kowane dattijo ya juya ya dubi wajen da nasa komayen suke.

Ta ɗaga ranar miƙawa. Ta sake ƙera abin buɗewar yadda ba ya karɓar umarni sai an faɗi tsawon lokaci, famfon kuma ya rufe kansa in lokacin ya cika, ko da sabis ko babu. Ta rubuta haka a bayanin da gajerun kalmomi. Ta gwada a bayan gida tana yin shiru da gangan a tsakiyar aiki, ta gwada a kwamfuta tana yanke layi. Sannan aka damƙa wa Wakili fadama. Duk wannan lokacin Malam Sidi bai ce wa ƙaninsa uffan ba. In sun haɗu a zaure sai ya kau da kai. Kallamu ya rage cin abinci, yakan zauna a bayan zana ko ba gwaji, Tasalla kuma ta daina yi masa tsiya, alamar abin ya kai mata.

Ba a daɗe ba, wata safiya famfuna suna buɗe a komayen rabin gari, sabis ya ɗauke, bai dawo ba har la'asar. Maza suka watsar da abin da suke yi suka ruga fadama. Sun tarar da famfuna a rufe, ƙasa da laima daidai, iri a tsaye. Malam Sidi ya bi komayen mutane ɗaya bayan ɗaya har ya kai nasa, inda taɓo ya bushe ya tsattsage. Ya daɗe a tsaye a wurin. Da ya dawo gida ya wuce sashensa ya shiga na baya, ya sami Kallamu a kan tabarma, ya zauna kusa da shi. Shi kuwa bai saba ba ƙaninsa haƙuri ba.

Ya ce, "Kallamu, abin da ya faru a fadama, ka manta da shi."

"To, Yaya."

Da lokacin dashe ya yi, mutane suka fara shigowa gidan da sassafe, kowa da ɗaurin irin albasa a hannu, saiwarsa naɗe da jiƙaƙƙen buhu. Malam Isa na bakin kasuwa ya kawo, na bayan makaranta ya kawo wanda ya fi shi girma don kada a ce. Kafin rana ta take, abin da aka tara a zaure ya ishi gonar Malam Sidi har da saura. Liman, wanda ya biyo masu irin, ya ce a kira Kallamu, don shi aka zo yi wa godiya. Ya fito yana goge hannu a riga. Liman ya yi bayani mai tsawo, ya ce ba don ruwan da Kallamu ya saki a komayen yayansa ba, da yau garin nan babu mai dashe. Kowa ya ce haka ne.

Kallamu ya dubi liman, ya dubi tarin irin, ya dubi yayansa.

"Wane ruwa?"

"Ranar da ka tsaya da hula a ido mana."

"Allah gafarta Malam, ban san zancen ba. Yaya ya ce in manta, na manta."

Ya sunkuya ya ɗauki ɗauri biyu ya saɓa a kafaɗa, ya tsaya a bakin zaure yana jira a gaya masa inda zai kai. Malam Sidi ya goge ido da bakin rawaninsa, ya tashi ya ɗauki nasa ɗaurin.

Ya ce, "Biyo ni. In na tsaya, ka tsaya."